Littafin Gyara

Shanun huɗa biyu na sayar a Maigatari,
na haɗa da kuɗin riɗi, na hau motar Kano.
Dillali ya doki bodinta da tafin hannu,
ya ce, "Wannan ƙarfen dā ne, ba gwangwani ba,
zuba mata mai kawai ka ja."
Na ja.
Ban kai Gezawa ba ta fara tari.

Akori-kura ce, ta girmi ɗana na fari.
An ce fara ce da can.
Yanzu launinta na tsohon ƙoƙo ne,
ƙofar hagu da igiya nake ɗaure ta,
ta dama sai an daga ta kafin ta rufu.

Ranar na sayi littafi mai bango shuɗi,
na ce in riƙa rubuta abin da ta ci.
Shafin farko: fanbel, dubu shida.
Na biyu: lagireto ya huda a hanyar Taura,
muka cusa sabulu, muka ɗura ruwan rijiya,
har muka isa gindin darbejiyar Barau.

Barau ba ya buɗe inji da gaggawa.
Kunne yake karawa, ya lumshe ido,
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Ya ce, "Kulochi ne."
Dubu arba'in da biyar, ban da kuɗin hannu.
Wata bai cika ba sufirin ya karye
ƙarƙashin buhun albasa goma sha takwas.
Wannan kam laifina ne,
buhu goma aka yi ta ta ɗauka.

Ta koyi shan baƙin mai kamar kunun safe,
tana fesa hayaki shuɗi a bayan gari.
Barau ya ce sai an sauke inji, a sa ringi.
Na tafi Ƙofar Ruwa da tsohon a leda,
na dawo da wani a kwali mai sheƙi.
Sati uku ya yi.
Gwanjon da na raina, shi ne a cikinta har yau.

Wani dare 'yata Tabawa ta ɗauki littafin,
ta haska da fitila, ta tara, ta sake tarawa.
Ta ce, "Baba, ka sayi motar nan sau biyu da rabi."
Uwarta ta yi dariya har ta ajiye ludayi,
ta ce, "Shanu dai ba sa neman fulogi."
Ban ce komai ba. Gaskiya ba ta son gardama.

Na yi niyyar kai ta ga masu awon ƙarfe.
Sai damina ta cinye hanyar Gujungu.
Ranar Lahadi, ga wata sabuwa fil a taɓo,
mai gilashi baƙi, mai magana da kanta,
direbanta na tsaye yana neman sabis.
Barau ya leƙa, ya ga wayoyi kamar taliya,
ya ce, "Wannan sai Kano, sai na'ura."
Ilu yaron motata ya ɗaura sarƙa,
na sa giya ta ɗaya, na yi bisimilla.
Ta yi kuka, ta yi rawar jiki, ta fizgo ta.
Dubu goma aka miƙo mini.
Washegari birki ya cinye takwas.

Ban sayar ba.
Cutarta na sani, na san mai maganinta,
na san ƙarar da ke nufin tsaya,
da wadda ke nufin ƙyale ni, tsufa ne.

Littafin ya cika, na sayi wani.
Batir ya mutu tun watan azumi,
don haka kullum da magariba
a kan gangaren masallaci nake ajiye ta,
hancinta na kallon kwari,
dutse a gaban taya.
Da asuba Ilu zai zare dutsen,
in saki birki, in jira.